Ina neman kalma kafin Juma'a: me za mu ce wa "vie privée"?

'Yar Rediyo (Garwa, Kamaru): Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Juma'a da yamma ina da shiri kai tsaye a kan agogunan yaran nan masu ɗaukar sim, waɗanda uba zai buɗe wayarsa ya ga inda ɗansa yake a taswira. Na riga na ɗauko muryoyin mutane a babbar kasuwa da Yelwa. Baƙona lauya ne, da Faransanci zai yi magana, ni zan riƙa mayarwa Hausa, kuma na san "vie privée" ba za ta bar bakinsa ba. Akwai "géolocalisation" ma, wato gano inda mutum yake ta na'ura. Edita na son rubutun gobe da azahar, a taimaka.

Baban Ummi: Sirri. An wuce wajen.

Hamma na Lopere: Ta biyun, bin sawu. Ko bin diddigi, amma wannan ta fi kama da aikin jandarma.

'Yar Rediyo: Bin sawu ta zauna, na gode Hamma. Sirri kuwa na gwada ta a kasuwa. Na tambayi wani mai sayar da takalma ko yaro yana da sirri, ya haɗe fuska, ya ce ɗan da ya fara sirri a gaban ubansa ya fara shaye-shaye ke nan. Sai na nuna masa agogon da na aro, na danna a wayata, muka ji hirar 'yan teburin da ke gefe, agogon bai yi ƙara ba, bai kawo haske ba. Na ce haka zai riƙa jin ɗansa da malaminsa da abokansa, ba su sani ba. Ya ce a'a, wannan leƙen asiri ne, haramun. Mutum ɗaya ne fa. In na buɗe shiri da "sirrin yaro", masu bugo waya sun yanke hukunci tun lauya bai buɗe baki ba.

Malam (Marwa): Ɗiyata, kin yi gaskiya, kuma kalmar na nan a ƙofar gidajenmu kuna wuce ta. BA SHIGA. Gidan da aka rubuta wa haka ba gidan masu laifi ba ne, ba a ɓoye komai a ciki. Iyaka ce kawai: ka tsaya a zaure, ka yi sallama, a ba ka izini. Sai ki ce haƙƙin ba-shiga. Gajeriya ce, tsohuwa a ƙauye za ta gane, kuma tana da gindi a addini. Aya ta 58 a Suratun Nur ta sa yara su nemi izini kafin su shiga wa iyaye a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i.

Baban Ummi: Allah ya gafarta Malam, ayar yaro aka ce kada ya shiga wa uba. Nan kuma uba ake so kada ya shiga wa yaro.

Malam: Ka je Hujurat, aya ta 12, inda aka hana binciken asirin juna. An ware yara a ciki? Ba-shiga ta ɗauki ɓangarorin biyu.

Ɗan Njamena: Mu a nan ba mu da wannan wahalar. Larabci harshen gwamnati ne kamar Faransanci, ana cewa hususiyya, kowa ya wuce. Ki are ta, Adda.

Malam: Mun gudu daga Faransanci mu faɗa Larabci? Hausa ba ta mutu ba.

Ɗan Njamena: Haƙƙi da izini da sallama da kuka rubuta yanzu, daga Daura aka kawo su?

Bakano a Ngaundare: Ku yi haƙuri, amma "haƙƙin ba-shiga" ba Hausa ba ce. A Kano in ka faɗe ta, za a ɗauka maganar kulle kake. Ƙirƙirar kalma aikin jami'a ne, ku duba abin da manyan gidajen rediyo ke cewa ku bi. Da a fara gyara "mace ya zo" tukuna.

Hamma na Lopere: To fa, an zo wajen. Kullum sai an tuna mana mu 'yan zango ne. Kakana a Garwa aka binne shi, ubansa ma haka, kuma da Hausa suka yi ciniki a bakin Binuwai. Ku da ba ku iya jimla guda ba tare da Turanci ba, ku ne za ku ba mu lasisi?

Bakano a Ngaundare: Ni dai daidaitacciyar Hausa nake karewa.

Hamma na Lopere: Ka kare ta a Sabon Gari tukuna.

Malam: Yaro, na koyar da nahawu tun ba a haife ka ba. Ɗan-ba-ƙara da faɗi-ka-mutu wace jami'a ta ƙirƙiro su? Bakin mutane ne. Ba-shiga ma haka za ta shiga.

Goggo (Kusuri): Ku dai kuna ta faɗa a kan suna. Ni jikokina biyu a hannuna suke, ɗaya yakan bi 'yan ajinsu da ke ƙetaro gadar Ngeli daga Njamena, sai magariba ya dawo. Ubansu ya aiko da agogon na ɗaura masa, kuma ban ji kunyar kowa ba. Yaron da bai iya wanke wandonsa ba wace ba-shiga gare shi? Ku tambayi mutanen Tuboro da ake sace wa 'ya'ya ana neman kuɗin fansa ko suna son wannan magana.

Hamma na Lopere: Goggo, Allah ya raya su. Amma mai satar mutane agogon zai fara cirewa ya jefar, kuma a dajin da ba rezo, wato sabis ɗin waya, agogon ba ya iya aiko da komai. Wanda yake kamawa shi ne yaron da ya tsaya kallon ƙwallo.

Goggo: Shi ma ina so in sani.

Mai Karatun Shari'a: Bari in sa baki, don Adda lauya za ta fassara, ba mai wa'azi ba. Zai kawo dokar Kamaru mai lamba 2023/009 ta 25 ga Yuli 2023 kan kare yara a intanet, da ta Disamba 2024 kan bayanan mutane. Zai kuma kawo sashe na 10 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990. Sashen ya hana a yi wa yaro katsalandan a rayuwarsa da gidansu da wasiƙunsa, amma a wuri guda ya bar wa iyaye damar sa ido gwargwadon hankali. Wato Goggo na da gaskiyarta a cikin dokar. Matsalar ba iyaye kaɗai ba ce: sawun yaron ba daga agogo yake tafiya wayar uba kai tsaye ba, sai ya biya ta kwamfutocin kamfanin da ya ƙera shi, a wata ƙasa, da sunansa da hotonsa da hanyar makarantarsa. A 2017 Jamus ta hana sayar da agogunan yara masu sauraren magana a ɓoye, har ta ce iyaye su lalata waɗanda suka saya. Malam, da girmamawa, ba-shiga ta yi wa ɗaki da waya, amma a nan ba wanda ya shiga, bayanan ne suka fita. Ni zan ce haƙƙin keɓewa.

Baban Ummi: Keɓewa? Tun 2020 duk wanda ya ji ta korona zai tuna.

Malam: Wanda ya karanta bayanan ai ya shiga. Ba-shiga.

Bakano a Ngaundare: Keɓantacciyar rayuwa. Ita ce daidai a nahawu.

Ɗan Njamena: Ka faɗe ta sau uku da sauri mu ji.

'Yar Rediyo: Jama'a, an kira isha'i, ban rubuta layi ɗaya ba. Ga abin da zan yi. Bin sawu na nan. Wurin sauraren magana a ɓoye zan ce leƙen asiri, tunda mai takalma da bakinsa ya faɗa. "Vie privée" kuma zan ce rayuwar mutum ta ƙashin kansa. Doguwa ce, amma ba ta tuhumar yaro da komai, ba ta kuma tuhumar Goggo. Baba Malam, in edita ya yarda zan sa wa shirin suna "Ba Shiga?", da alamar tambaya, in bar masu saurare su yi ta. Goggo, za ki yarda in kira ki a shirin?

Goggo: Ki kira bayan la'asar, amma ba zan cire agogon ba.

Bakano a Ngaundare: "Ta ƙashin kansa" Hausa ce, ban ce komai ba.

Hamma na Lopere: Mun gode da sa hannu, ranka ya daɗe.

Malam: Kalma kika nema, jimla kika samu. Alamar tambayar ma ban ga amfaninta ba. Zan dai kunna rediyo. In lauyan nan ya maimaita ta sau goma, za mu ga ko numfashinki zai kai.