Dagaci ya ba mu fako: dashe za mu saya ko wayar shinge?

Ɗan Jibiya: Assalamu alaikum. Dagacinmu ya ba ƙungiyar matasa fili hekta 2 a bayan gari don mu raya shi. Fako ne, ko an yi ruwa wucewa yake yi. Akwai kututturan sabara da kalgo ta gabas. Naira dubu 400 muka tara, rijiya da nisa, ga shi muna Afrilu. Kuɗin ba zai ɗauki dashe da shinge duka ba. Da wanne za mu fara?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Ku sa dalbejiya da zogale, ban ruwa safe da yamma na wata uku. Dashe ɗaya naira 150 ne.

Baba na Tibiri: Ɗana, ya ce rijiya da nisa. Kada ku sayi dashe bana. Kututturan nan su ne jarinku, saiwarsu tana da rai a ƙasa. A kowane kututture ku zaɓi tofo 2 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ku cire sauran. Waɗanda kuka bari ku rage musu rassan ƙasa har rabin tsayi. A yi da kaifin lauje, a sara daga ƙasa zuwa sama. In an saro daga sama ɓawo yana ɗayewa, gara ta samu ƙofa. Wannan shi ne sassaben zamani da aka soma a Maraɗi a 1983, yau ana maganar hekta miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Inda fakon yake tsirara kuwa, ku yi gayya ku haƙa ramuka masu siffar rabin wata tun kafin ruwa ya sauka: faɗi mita 4, zurfi kamar taƙi ɗaya, baki yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo a jera ta baya a daddanne. A jera su a sassaɓe, ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa. Hekta tana cin kusan 313. A zuba taki, a watsa irin ciyawa da na bagaruwa da aka jiƙa a ruwan zafi ya kwana.

Hajiya Mai Kuka: Duk wannan in akwai mai tsaro. A ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu mata ne suka yi gayya, suka haƙa, suka dasa, suna ɗaukar ruwa a ka rani guda. Ranar bikin dashe manya sun zo an yi hotuna, an yi alkawarin waya, har yau shiru. Ana cire amfanin gona aka saki dabbobi, kafin hunturu ya fita awaki sun cinye kan kowane dashe. Abin da ya fi ciwo, 'yan bagaruwar da suka tsira wani ya fito ya ce filin gadonsa ne, don ba a rubuta komai ba. Ku fara karɓar takarda da sa hannun dagaci da hakimi da shaidu kafin ku ɗaga diga.

Ummu Sadiya: Allah sarki. Allah ya saka wa matan nan.

Injiniyan Daji: 150 a ina? Dashe mai wata huɗu a leda bai gaza 500 ba, ban da mota. Hekta 2 kuma tana neman shingen da ya kai mita 600, layi huɗu na waya, ban da turaku. Kuma Baba, rabin wata na itace ya fi na noma zurfi, a karatu haka aka koya mana.

Baba na Tibiri: Karatu da kyau, yaro. Amma in ya yi zurfi a ƙasa mai laka, ruwa ya kwanta kwana uku, saiwar ruɓewa take yi.

Mai Lambu: Ni a 150 na gani, sai dai in naka daga Abuja ake kawowa.

Babarbaren Nguru: Ku ɗauki Bafulatani gadi, ku biya shi da fura, shi ya san sawun kowace akuya.

Arɗon Ruga: Bawana, ka fara biyan ubangidanka haraji tukuna. Amma maganar gaskiya, a ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye a Nijar kwamitin tsaron itace har da makiyaya da mata aka sa. Ɗan Jibiya, ka duba ko filin nan bai hau burtali ba. In ya hau, ko wayar ƙarfe ce za a yanke.

Hajiya Mai Kuka: Ai akuya ma da sauƙi. Masu gawayi fa? Da dare suke shiga, su kwantar da gawo ko marke da ya girmi kakanninmu, da safe sai toka. Manomi ya rage reshe a gonarsa a ci shi tara, motar gawayi kuwa ta wuce shingen hanya lafiya lau.

Injiniyan Daji: A Nijar tun 2020 doka ta ba manomi mallakar itacen da ya raya a gonarsa. Mu nan wa zai tsaya mana? Ga kuɗin gas ya tura kowa ga gawayi.

Ɗan Jibiya: Na gode iyayena. Takardar zan nema gobe in sha Allah. To amma kuɗin fa, waya ko ladan mai gadi?

Ummu Sadiya: Buhun gawayi nawa yake a wajenku yanzu?