Ko dutse da ciyawa sun isa su tace tankin murjani?

Mai Tarwada, Dadin Kowa: Salamu alaikum jama'a. Injiniya, jiya ka ce tankin ruwan gishirin da ke falonka babu injin kumfa, wato na'urar da ke kwashe datti daga ruwa ta hanyar kumfa, wai dutse da ciyawa ke tace shi, murjanin ma ba ka ba shi abinci. Ni da nake fama da canza wa tarwada ruwa, maganar nan ta ƙi shiga kaina.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Dutsen duk ramuka ne, cike da bakteriya. Kashin kifi yana sakin sinadarin amoniya, bakteriyar su juya ta zuwa naitirayit, sannan naitiret. Naitiret ɗin da fosfet kuwa ciyawar Chaetomorpha da ke ƙaramin tankin ƙasa ce ke shanye su, in ta cika in tsinke rabi in zubar. Shi kuma murjani akwai ƙananan gansakuka a cikin tsokarsa masu haɗa masa abinci da hasken fitila. Kai tarwada ɗaruruwa ka cusa wuri guda, ni 'yan kifaye huɗu gare ni.

Malamar Bayoloji: Batun tacewa na yarda da kai rabi, batun abinci sam. Murjani dabba ne, yana da baki. Ka kashe fitila bayan isha'i ka haska tocila, za ka ga wasu sun miƙo 'yan hannuwa suna cafke abin da ruwa ya kawo. Irin su Tubastraea ma ba su da gansakukar gaba ɗaya, in ba a ciyar da su ba mutuwa za su yi. Naka suna raye ne don suna cin ragowar abincin kifi da kashinsu, ciyarwa kake yi ba ka sani ba. Kuma ka yi hattara, in ciyawar ta shanye naitiret da fosfet ƙarƙaf, launin murjanin dushewa zai yi.

Injiniya: To Malama, ai kin ƙarfafa ni ke nan. Injin kumfa ma yana kwashe wani abincin nasu.

Baba Alhaji, Tumfure: Yara, wannan gardama ta girme ku. Tsarin da ake kira na Balin, birnin nan na Jamus, dutse mai rai ne, wato mai ɗauke da bakteriya, haɗe da injin kumfa. Jean Jaubert a Monako ya dogara da yashi mai kauri da fili a ƙarƙashinsa, Walter Adey a Amurka kuma da gansakuka ya tace nasa. Duk an ga murjani ya rayu. Abin da ba ku taɓo ba shi ne Gombe. Tankin yana son zafi digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyos, mu kuwa a Afrilu muna kai 40. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take, bakteriyar da kake taƙama da su ma shaƙa suke yi. A ɗauke wuta da tsakar dare famfo ya tsaya, kifi ne za su fara haki. Injin kumfa yana cusa iska, ko don wannan ni ba zan cire nawa ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, in an ɗauke wuta shi ma injin tsayawa yake. Kuɗinsa na ƙara a batir da sola, na ɗora fanka a bakin ruwan.

Malamar Bayoloji: Fanka na ƙafar da ruwa, balle da hunturu, gishiri kuma ba ya tashi. Da me kake cikawa?

Injiniya: Ruwan burtsatse, amma sai ya bi ta injin RO, mai tace gishiri da datti daga ruwa. Ma'aunin gishiri na kan 1.025.

Mai Tarwada: Ni dai ban gamsu ba. Turo mana hoton gwajin naitiret na yau, mu ga launin kwalbar.