Tambaya: Shin sai ɗan gado ne ke zama firaministan Birtaniya?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Wata gardama ce ta taso tsakanina da yayana, shi ya sa na kawo ta nan. Shi yana ganin cewa kujerar firaministan Birtaniya kamar sarautar gado take, domin a cewarsa kusan duk waɗanda suka riƙe ta daga gidajen masu hannu da shuni suka fito, kuma makaranta ɗaya suka yi. Ni kuma na tuna cewa mahaifin tsohuwar firaminista Margaret Thatcher mai kantin kayan masarufi ne, don haka na ce masa maganarsa ba ta tsaya ba. Ina roƙon wanda ya san tarihin mutanen nan ya raba mana gardama, ya kuma bayyana mana lokacin da 'ya'yan talakawa suka fara isa wannan matsayi, da abin da ya buɗe musu ƙofa.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ke da yayanki kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, bambancin kawai shi ne zamanin da kowannenku yake kallo. Idan aka ɗauki shekaru ɗari da tamanin na farko, to yayanki ne da gaskiya. Robert Walpole, wanda ake lissafawa a matsayin firaminista na farko, ya riƙe mulki daga 1721 zuwa 1742, kuma ɗan gidan masu gonaki ne da ya yi karatu a makarantar Eton, wadda zuwa yau ta yaye firaministoci 20. William Pitt ƙarami ya hau kujerar a 1783 yana da shekara 24 kacal, abin da ba zai yiwu ba da mahaifinsa bai riga ya zauna a kanta ba. A wancan zamani masu jefa ƙuri'a kaɗan ne ƙwarai, wasu mazaɓun ma tamkar gonar wani attajiri suke, wanda ya ga dama shi yake turawa majalisa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Lord Salisbury, wanda zuriyarsa ta Cecil take riƙe da manyan muƙamai tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko. A ƙarƙashin gwamnatinsa aka ƙulla yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da Faransa, waɗanda suka aza harsashin iyakar da ta raba ƙasar Hausa tsakanin Najeriya da Nijar. Da ya sauka a 1902, wanda ya gaje shi shi ne Arthur Balfour, ɗan 'yar'uwarsa, kuma Balfour ne ke kan mulki lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa a 1903. Wato kawu ya sauka ya miƙa wa ɗan 'yar'uwa, sai ka ce gidan sarauta. Salisbury ne kuma na ƙarshe da ya ja ragamar gwamnati tsawon mulkinsa yana zaune a majalisar dattawa, wadda a lokacin gadon kujerunta ake yi.

Abin da ya sauya lamarin dokoki ne da aka yi sannu a hankali. An faɗaɗa 'yancin zaɓe a 1832 da 1867 da 1884, sannan a 1918 aka ba dukkan maza baligai da wani sashe na mata. Akwai kuma wani mataki da mutane ba su cika ambata ba, alhali a ganina ya fi wasunsu tasiri: sai a 1911 aka fara biyan 'yan majalisar wakilai albashi, fam 400 a shekara. Kafin nan wanda ba shi da dukiyar da zai ci da kansa, ko ƙungiyar da za ta ɗauki nauyinsa, ba zai iya zaman majalisa ba ko da an zaɓe shi. Shekara biyar bayan haka David Lloyd George ya zama firaminista, maraya ne da kawunsa mai ɗinkin takalma ya rena a wani ƙauyen Wales, kuma Ingilishi ba shi ne harshensa na farko ba. A 1924 Ramsay MacDonald, ɗan wani ma'aikacin gona da wata 'yar aikin gida daga arewacin Scotland, ya kafa gwamnatin jam'iyyar Leba ta farko. Saboda haka Thatcher ba ita ta fara ba, ta tarar an riga an share hanya.

Mai Nazari ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayanin ya gamsar, amma ina neman izinin in ɗan tsaya wa yayan mai tambaya, domin ina ganin bai kamata a kayar da shi da sauri haka ba. Gaskiya ne cewa daga 1964 zuwa 1997 firaministoci biyar a jere, wato Wilson da Heath da Callaghan da Thatcher da Major, duk makarantun gwamnati suka yi, kuma mahaifin Heath kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa ta taɓa yin aikin gida. To amma a duba inda uku daga cikinsu suka wuce bayan sakandare. Wilson da Heath da Thatcher duk jami'ar Oxford suka tafi. Idan aka lissafa daga Attlee a 1945 zuwa Keir Starmer a 2024, mutum 18 ne suka riƙe kujerar, 14 daga cikinsu sun bi ta Oxford. Churchill da Callaghan da Major ba su yi jami'a ba, Gordon Brown kaɗai ne ya yi wata jami'ar ba tare da ya taka Oxford ba, shi a Edinburgh ya yi karatu.

Abin da nake fahimta shi ne, gidan da aka haifi mutum ya rage tasiri, amma mashigar da ake bi ta kasance ɗaya. A can ne matashi yake koyon muhawara, yake sanin waɗanda gobe za su zama 'yan jarida da manyan ma'aikatan gwamnati da jagororin jam'iyya, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Hatta Rishi Sunak, wanda hawansa a 2022 ya ja hankalin duniya saboda iyayensa 'yan asalin Indiya ne da aka haifa a gabashin Afirka, makarantar kuɗi ta Winchester ya yi, daga nan ya wuce Oxford. Launin fatarsa da addininsa sababbi ne a wannan kujera, amma hanyar da ya bi tsohuwa ce. Kada kuma a manta cewa bayan an ɗauka zamanin Eton ya wuce tun saukar Alec Douglas-Home a 1964, sai ga David Cameron a 2010, ga Boris Johnson a 2019.

Ɗan Filato ya amsa:

Malamai sun yi bayani, ni ƙari kawai zan yi game da John Major, domin labarinsa ya biyo ta garinmu. Ya taso a unguwar Brixton ta Landan bayan kasuwancin mahaifinsa ya karye, ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya yi zaman rashin aiki, har ya taɓa neman aikin kwandastan bas bai samu ba. Daga baya ya shiga aikin banki, kuma bankin Standard ya turo shi reshensa na Jos a ƙarshen 1966. A 1967 ya yi mummunan haɗarin mota a nan, wanda ya lalata masa gwiwa, aka mayar da shi gida jinya. Shekara ɗaya bayan haka ya ci zaɓen kansila a Lambeth, ya shiga majalisa a 1979, ya gaji Thatcher a 1990.

Na kawo shi ne saboda ya nuna wata hanya ta uku da ba a ambata ba, wato hawa matakan jam'iyya daga ƙasa. Wannan hanya ba ta buɗe a jam'iyyar Conservative, wato jam'iyyar Major, ba sai a 1965, lokacin da aka fara barin 'yan majalisarta su zaɓi shugaba da ƙuri'a. Kafin nan dattawan jam'iyya ne suke shiga ɗaki su yi shawara su fito da suna, kuma a bisa al'ada nasu suke fitowa da shi. Zaɓen farko da aka yi da sabon tsarin, Heath ɗan kafinta ne ya ci.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yayana amsoshin nan gaba ɗaya, ya amince cewa maganar gado ba ta tsaya ba tun daga Lloyd George, amma ya riƙe lissafin 14 cikin 18 ya ƙi saki, ni ma ban sami abin da zan ture shi da shi ba. Sai dai wata tambayar ta taso mini daga bayanin Mai Nazari. Mata ukun da suka riƙe kujerar, Thatcher da Theresa May da Liz Truss, duk daga jam'iyyar Conservative suka fito, kuma duk Oxford suka yi. Me ya sa Leba, wadda ita ce ta fara kai ɗan ma'aikacin gona wannan matsayi, ba ta riga ta kai mace ba? Idan Malam yana da lokaci, ina so ya yi mana bayani a kan wannan.