Na daɗe ina renon yara, yanzu ina neman aiki a Ingila: ta ina zan fara?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Wata tara ke nan da na biyo maigidana Ingila, shi da bizar aiki, ni kuma a matsayin wadda ke ƙarƙashinsa, kuma takarduna sun ba ni izinin yin aiki. Na karanta ilimin akanta, na yi aikin ofis shekara huɗu kafin na ajiye don renon yara, yau shekara shida. Babban yana firamare, ƙaramar ta cika uku a watan jiya. Na aika takardar neman aiki wurare fiye da talatin, amma ko sau ɗaya ba a kira ni ganawa ba. Shin giɓin shekara shidan nan ne yake kayar da ni, ko kuwa takardun karatuna ne ba su da daraja a nan? Kuma idan aikin ya samu, wa zai riƙe mini yarinya?

Yaya Babba ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce za ta yanke miki irin aikin da za ki nema. A Ingila, kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana da haƙƙin awa 15 na reno kyauta a mako, na tsawon mako 38 a shekara, daga zangon karatun da ya biyo bayan cikarsa uku, kuma wannan bai dogara da irin bizarku ba. Ƙarin da ake yi wa iyaye masu aiki zuwa awa 30 shi ne yawanci ba ya samuwa ga waɗanda aka rubuta musu cewa ba su da damar cin tallafin gwamnati. Ga shi firamare tana tashi da misalin ƙarfe uku da kwata. Saboda haka ki ɗauki takarda ki rubuta ainihin awowin da hannunki yake sake, sannan ki nemi aikin da zai shiga cikinsu, ko da na rabin rana ne.

Game da digiri, hukumar UK ENIC ce take ba da takardar da ke nuna matsayinsa idan aka gwada shi da na nan. Sai kuma takardar tarihin aikinki, wadda nake zargin ita ce matsalar. Tawa ta farko shafi biyar ce, da hotona, da ranar haihuwa, har da cewa ni matar aure ce. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu ta ɗauki jan biro ta yi ta sokewa a gabana har ta koma shafi biyu, ranar na ji kunya ƙwarai. Giɓin kuwa kada ki ɓoye shi, ki rubuta shi a layi ɗaya cewa kin yi renon iyali daga shekara kaza zuwa kaza. Ki rubuta a sarari cewa kina da izinin aiki, domin wasu suna ganin baƙon suna sai su ɗauka sai sun nema miki biza.

Baƙo a Kanada ya amsa:

Malama, shawarar Yaya Babba ta yi daidai, sai dai ina da gargaɗi ɗaya. Mutane za su ce miki ki kama duk abin da ya samu, wai da babu gara ba daɗi. Haka na yi: na karɓi aikin dare a wani rumbun ajiyar kaya da niyyar wata shida, matata tana fita da safe ni ina shigowa, muna miƙa wa juna yara a bakin ƙofa. Sai da na shekara uku a wurin, saboda gajiya ba ta barina in cike ko takarda ɗaya, alhali tuni WES, hukumar da ke duba matsayin takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance mini digirina. Idan gida zai iya jurewa, ki nemi ƙaramin matsayi a cikin fanninki, kamar mai shigar da rasit ko mai taimaka wa sashen albashi, ta hannun kamfanonin da ke samar da ma'aikatan wucin gadi. Abin da kike buƙata shi ne mutum ɗaya a Ingila da zai ba da shaida a kan aikinki.

Ummu Sadik ta amsa:

Ki gode wa Allah harshe bai tsaya miki ba, domin mu a Jamus sai mun yi darasin Jamusanci awa 600 mu kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe, kafin yawancin ofisoshi su saurare mu. Abin da zan ƙara shi ne ki koyi manhajar lissafin da suke ambata a tallan aikin, irin su Sage da Xero, tun da shekara shida ta isa kayan aiki su canza.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Na duba takardata, shafi huɗu ce kuma hotona yana sama. Gobe zan je makarantar renon da ke kusa da mu in tambayi gurbi na zango mai zuwa. Yaya Babba, mutanen da za su ba da shaida a kaina duk suna wata ƙasa, shin ana karɓar irin wannan?