Na rage ƙiba, mutanen gari sun ce ciwo ne

Wata 'yar uwa daga wajen Ringim:
Salamu alaikum. Hawan jini ne ya sa malamar asibitinmu ta ce in rage jiki. Na rage tuwon dare, na bar lemon kwalba, na daina zuba wa fura sukari, ɗiban ruwa ma na karɓe shi daga hannun yara. Alhamdulillahi gwiwa ta daina ciwo, rigunana kuwa sun zama buhu. Amma bakin mutane ya ishe ni. Duk gidan suna da na shiga sai a ce "wance lafiya kika rame haka?" Surukata har ta kira maigidan ta tambaye shi ko cefane ne ya gagara. Ku da kuka bi ta nan, yaya kuka yi?

Mai ɗinki daga Gaya:
Yaya, kada ki yi gaggawar sabon ɗinki. Zani ba ya yi wa mace yawa, ɗaurin ne kawai zai ƙara zagayowa. Riga kuma a ci ta ta gefe, amma ki ce wa tela kada ya yanke abin da ya ci, ya bar shi a ciki, don jiki yana da juyi, balle ga mai haihuwa. Turmin atamfa yadi 6 ne, ba a rage wa siririya kuɗi a Kantin Kwari. Tunda sikeli sai an je asibiti, ki sayi tef ki riƙa auna ƙugu ta saitin cibiya. Masu aikin lafiya suna cewa na mace in ya wuce inci 35, akwai haɗarin sukari da hawan jini.

Daga Birnin Kudu:
Maganar "kin rame" ce ta jefa ƙanwata cikin shan sha-ka-fashe, ƙwayoyin nan na sa ƙiba, gabanin bikinta, wai don ta cika kayan lefe. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu suna nan yadda suke. Ana ta cewa amarya ta yi kyau, daga baya sai ga sukarinta ya hau. Yawancin ƙwayoyin nan na wani ciwo ne daban, kumburin da suke sawa ba lafiya ba ce.

Ma'aikaciyar lafiya daga Gumel:
Hajiya, taki ramar da dalili, ki ci gaba. Wadda dai ba ta canza cimarta ba amma tana zubewa, ga ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ta je a auna sukari. In da tari sama da mako 2 da zufar dare, a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Tambayar surukai wani lokacin tana da amfani.

Daga Ɗambatta:
Ni gwanjo na nufa. Na ba direban garinmu saƙo Ƙofar Wambai, dogayen riguna na zaman gida, kafin jikin ya tsaya wuri ɗaya. Manyan na raba wa 'yan uwa, leshin aurena kaɗai na hana.

Wata gwaggo daga Kazaure:
'Ya'yana, ni na ragu kaɗan na tsaya. Tumbin haihuwa da nankarwa suna nan, na daina faɗa da su. Da ina da ƙiba an ce na cika ci, da na faɗa an ce kishiya ce ta sa ni a gaba. Ni abin da nake dubawa, ina yin sujada ba nishi, ina zuwa gona in dawo da ƙafata. Ke kuwa ta Ringim, ki kai wa surukarki katin asibiti ta ga awon jinin da idonta, ki haɗa mata da goro.