Gidan gilashin hangen nesa da firintar 3D, zai jure zafin Kano kuwa?

Ɗan_Dala:
Slm 'yan uwa. Ina da gilashi mai faɗin milimita 80 ina so in haɗa na'urar hangen nesa don duban jinjirin wata, amma gidan ƙarfe nauyi ne da shi, hawa da shi saman bene ma aiki ne. Akwai wani abokina mai firintar 3D, na'urar da ke ƙera abu da narkakkiyar roba, ya ce zai buga min gidan da robar PLA. Don Allah masana zai yi?

Injiniya_Gwale:
Wslm. Malam kar ka soma da PLA, tun wajen digiri 60 take fara laushi, ka bar ta a mota rana ɗaya cikin Afrilu ka dawo ka tarar ta lanƙwashe. Robar PETG na kai wajen 80, robar ASA ta fi su kuma hasken rana ba ya cinye ta. Amma ni abin da ya fi damuna ba narkewa ba ne, roba tana buɗewa tana tsukewa kusan ninki 10 na gilashi, to in ka auna zoben da zai riƙe gilashin ya kama gam da rana, daren hunturu zai matse gilashin hoto ya lalace, da zafi kuma ya saki ya dinga girgiɗi. Ka bar rata kamar milimita 0.2, gilashin ya zauna a wuri 3 kacal da ɗan abu mai taushi a tsakani.

Maman_Hanif:
Kuma ba sai ka buga duka ba fa. Dogon bututun ka je Ƙofar Ruwa ka nemo na alminiyam ko PVC, zoben gilashi da wurin saita gani kawai za a buga. Abin da za a buga kar a cika cikinsa da roba, kashi 20 cikin ɗari ya isa, a dai ƙara kaurin bango, nan ƙarfin yake. Ciki kuma baƙin fenti mara sheƙi, in ba haka ba haske ya dinga yawo a bututun, jinjirin da dama da kyar ake ganinsa.

Ɗan_Dala:
Na gode Hajiya. To wurin noti fa, zare a jikin roba ba zai cinye ba?

Injiniya_Gwale:
Zai cinye mana. Akwai 'yan zoben tagulla masu zare da ake dannawa ciki da ƙarfen soda, su za ka sa. Sannan ka tambayi abokin naka ko yana da inbata, bugun zai ɗau awanni, a ɗauke wuta a tsakiya ƙila sai an sake daga farko. Murfi ma a bugo maka, saboda ƙura.