Takaful na shekara 15 ko na har ƙarshen rai?

Baban Ilham: Assalamu alaikum. Shekarata 38, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, yarana huɗu, autan bai shiga firamare ba. Wakilin wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, ya zo shago da tsari biyu. Na farko na shekara 15 ne: in ta Allah ta kasance a cikin wa'adin, a ba iyalina miliyan 10. Na biyu har ƙarshen rai, da ajiya a ciki, amma kuɗinsa ya ninka na farko kusan sau biyar. Shi na biyun yake ta tallata min. Ni kuma abin da ke damuna, in yi shekara 15 ina biya, in wuce lafiya, in tashi a tutar babu?

Akanta: Wa'alaikumus salam Alhaji. Maigadin layinku da kuke biya duk wata, in ɓarayi ba su zo ba, asara kuka yi? Nan da shekara 15 yaran sun tasa, buƙatar ta ragu. Sannan ka tuna farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Miliyan 10 bayan shekara talatin me za ta saya? Ka ɗauki mai wa'adi, rarar ka sa a Sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na gwamnatin tarayya. Na farkon da aka fitar a 2017 ya riƙa biyan kashi 16.47 cikin ɗari duk shekara. Kuma kada ka manta, la'adar wakili ta fi tsoka a mai tsadar.

Maman Sadik: Akanta, lissafinka daidai ne a takarda. Haka maigidana ya ce zai riƙa juya rarar. Wata uku ya yi. Sai bikin ƙanwarsa, sai ragon layya, shi ke nan. Ɗan kasuwa kuwa in ya ga dila mai sauƙi, ajiya ta tafi. Alhaji, in ba banki za ka sa ya riƙa cirewa da kansa ba, kar ka yaudari kanka.

Ɗan Fagge: Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa. Ka sa wakilin ya rubuta maka nawa za ka karɓa in ka fasa na biyun a shekara ta uku, yawanci bai taka kara ya karya ba.

Baban Ilham: Hajiya, kamar kin leƙa aljihuna. Ranar Litinin zai dawo, zan ce ya zo da wannan lissafin a rubuce.